Talabijin ɗin Asabe da Fim ɗin Masu Awaki

Fita daga Limawa

Tun kafin kiran assalatu na fito daga gidanmu da ke Limawa a Dutse, talabijin a kaina, na naɗe shi da bargo kamar mai zazzaɓi. Ba son sammako ne ya fito da ni ba, gudun idon maƙwabta ne. Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu ke nan, mu masu gidajen kallo kowa ya shiga taitayinsa. Ni da kaina na rufe shagona, na sayar da talabijin ɗina, kuɗin suka bi ruwa. Da kaka ta yi, manoma suka sami abin hannu, sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ƙauye ba a sa ido kamar birni. Ina da bidiyo, ina da ɗan janareta, saura akwatin kallo. Na kuwa san inda yake: a ɗakin matata Asabe, cikin kayan da mahaifinta ya yi mata. Bijimi ya sayar kafin ya saya.

Na ce mata finafinan tarihi da wa'azi zan nuna. Wannan ce ƙarya ta farko. Ku riƙe lissafin, ni ya fi ƙarfina.

Ta rako ni zaure da fitila a hannu. "Baban Sadiya, ka ga talabijin ɗin nan? Ranar da ya kwana a hannun hukuma, kai ma ka nemi makwanci. Ni gidanmu ba nisa."

Na ce, "Haba Asabe, kamar ba ki san ni ba."

Ta ce, "Sanin ne ya sa na faɗa."

Kaset biyu ne a jakata. Ɗaya na Indiya, ɗaya kuma na saye shi a gefen titi a Kano don hoton da ke bangonsa: wani ƙato ba riga, bindiga a kowane hannu, mota tana ci da wuta a bayansa. Ko saka shi ban yi na gani ba.

Ƙarfe shida muka tashi daga tasha a akori-kura. Direban ya ce janareta kuɗin mutum ɗaya, talabijin ma haka. Na ce ai a cinyata zai zauna. Ya ce, "To ka biya na cinyar." Gaba da Shuwarin muka tarar da shinge. Ɗan sandan ya ɗaga bargo, ya juya kaset ɗin nan, ya daɗe yana kallon ƙaton. Ya ce, "Kai, wannan zai yi duka. Da ba aiki nake ba da na bi ku." Allah Ya so shi.

Kiyawa

Mun isa da hantsi. Wani mai shayi ya ba ni rumfarsa, na kewaye ta da tabarmi. Bayan sallar isha'i samari suka cika wurin, naira biyar biyar. Na saka na Indiya, ko waƙar farko ba a gama ba bidiyo ya tauna zaren, na zaro shi kamar hanjin kaza. Na ce ba komai, ga wanda ya fi shi.

Sana'armu ba nuna fim kaɗai ba ce. Mai nunawa shi ne tafinta, yana tsaye a gefen akwati yana faɗa wa mutane abin da ake cewa. Ni daga aji shida na tsaya, amma na yi shekaru ina fassara Indiyanci ban san ko kalma goma ba, kuma ba wanda ya taɓa ƙarata.

Fim ya fara. Ba ƙato, ba mota. Sai tsauni, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat, ga wani gidan dutse, ga wata Baturiya ta zamanin da, da doguwar riga har ƙasa, tana tatsar akuya. Ta tatsa, ta tatsa. Ta gama ta kama wata akuyar. Can sai ga keken doki ya karye a ƙofar gidan, wata mace mai kayan masu hali ta sauko. Suka tsaya suna kallon juna, har na duba ko bidiyon ne ya tsaya. Da suka buɗe baki kuma, yaren ko Turancin Ingila ba shi ba ne.

Wani ya ce, "Malam, ina mai bindigar?"

Na ce, "Yana hanya, ƙanƙara ce ta tsare shi."

"To su waɗannan me suke cewa?"

"'Yan'uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, an raba su tun suna yara. Yanzu take ce mata, Yaya, ashe kina nan."

Aka yi rabin awa. An hura wuta, an dafa ruwa, an yanka burodi. Wani daga baya ya ce, "Wallahi jiran likita ya fi wannan sauri." Wani ya ce shi ya ga kyandir ya ƙone tun daga sama har ƙasa, kuma kuɗinsa ya biya. Da takalmi na farko ya wuce ta gefen akwatin Asabe, na kashe, na rungume shi, na mayar wa kowa kuɗinsa. A bencin mai shayi na kwana, ƙafata ɗaure da igiyar janareta.

Aujara

Da safe na hau bas zuwa Jahun, na ci ɗanwake a tasha, daga nan wata tsohuwar mota mai ɗaukar buhunan gero ta kai ni Aujara gab da la'asar. Niyyata in yi kwana biyu in zarce Garki. Na sauka wajen Habu, abokina tun firamare, mai sayar da takin zamani.

Wannan karon ban yi alkawarin bindiga ba. Na sa aka yi shela cewa fim ne na zumunci, ba rawa ba waƙa. Matasa ba su zo ba, dattawan manoma ne suka zo, kuma abin mamaki suka zauna. Su matan ba su dame su ba, awakin suke kallo.

"Dubi hantsar waccan! Wannan za ta cika ƙwarya."

"Me suke ci a cikin wannan farin abu? Ba harawa, ba dusa."

"Baƙar nan ciki gare ta, ku sa ido."

Aka yi gardama mai zafi a kan ko baƙar za ta haihu kafin fim ya ƙare. Ni kuwa ina ta zuba: Yaya ki ci abinci, ƙanwata sanyi ya yi yawa, Allah Ya ji ƙan Baba. An kai wurin da mai awaki ta kama hannuwan baƙuwar tana hura musu iska don su yi ɗumi, sai janareta ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare. Wani tsoho ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Baƙuwar nan dai ba ta da niyyar tafiya. An gyara keken tun ɗazu."

A nan ya kamata in sayi mai, in zauna ni kaɗai in ga ƙarshen abin da nake tallatawa. Ban yi ba. Na ce asarar mai ce.

Ƙauyen bayan Aujara

Ƙaryata ce ta jawo mini gayyata. Habu ya zo da labari cewa a wani ƙauye, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ana suna a gidan mai unguwa, kuma mahaifiyarsa, Inna Kande, ta ji an ce akwai fim na ya da ƙanwa mai tsabta, tana so a nuna wa mata. Amalanken shanu aka turo, na sayi man janareta muka kama hanya. Awa ɗaya da rabi muna tafe cikin yashi, talabijin a cinyata, mai amalanke yana yi wa shanunsa faɗa kamar 'ya'yansa.

Inna Kande tsohuwa ce ƙarama, idonta tar. Ta sa aka kai kayan babban ɗakinta, aka toshe taga da buhu. Na haɗa waya, na gyara tsayuwa a gefen akwati. Ta ce, "Ɗan nan, ina za ka tsaya? Matan aure ne za su shigo. Ga turmi can bayan zana, ka zauna ka ɗaga murya."

"Inna, ai ba zan ga hoton ba."

"Ba ka ce ka san fim ɗin ba?"

Na ce na san shi kamar yunwar cikina. Haka na zauna a kan turmi, bayana ga ɗaki, ina fassara da kunne.

Rabin farko na riƙe shi da ka. Amma tun ba a yi nisa ba na ji ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ban ji a Kiyawa ko Aujara ba. Babu mai cewa a yi sauri. Wata ta ce a hankali, "Ke, kin ga kallon da ta yi mata?" Wata ta ce, "Yar'uwa ba ta yi wa yar'uwa wannan kallon." Na ƙara ɗaga murya na ce kallon maraici ne.

Aka wuce inda na sani. Ba na jin komai sai ƙarar itace a wuta da numfashi. Na ce to bari in cike gurbi. "Yanzu take ce mata, ƙanwata, ki riƙe zumunci, ki riƙe salla..."

Ɗakin ya fashe. Salati ta nan, shewa ta can, wata tana dariya har da tari. "Malam tafinta, wannan wane irin zumunci ne?" "A garinku haka ake gaisawa?" Wata ta fito da gudu ta rufe fuska da mayafi tana a'uziyya, ta yi waje. Na miƙe zan shiga in kashe, sai muryar Inna ta tsayar da ni.

"Zauna inda kake. Ka kuma yi mana shiru, mun fi ka jin yaren."

Na zauna. Minti arba'in ban ce uffan ba, ban taɓa daɗewa haka a sana'ata ba. Daga baya na ji ƙararrawar doki, na ji muryar namiji, na ji an rufe ƙofa. Sai kukan akuya. Sai na ji ana jan majina a ɗakin, ba mutum ɗaya ba.

Wadda ta fita kuwa ta kai wa mijinta labari, mijin ya kai wa maza a ƙofar gida. Kafin azahar an kwashe kayana zuwa zauren mai unguwa. Mai unguwa, da na'ibin liman, da wani tsohon malamin makaranta suka ce za su kalla da idonsu. In maganar gaskiya ce, za a kira hukuma daga Jahun, kaya da mai kaya. Na dubi akwatin Asabe, na ga bijimin surukina yana tafiya.

Bayan salla, kafin a kunna, sai ga ƙwarya daga cikin gida: fura ce da kindirmo, mai kauri, ludayi yana tsayawa a ciki. Inna ta ce a ba malamai, aiki ne a gabansu. Suka sha, suka ƙara. Aka rufe ƙofar zaure, na kunna.

Baturiya ta tatsi akuya. Ta kama ta biyu. Aka hura wuta. Malamin makaranta ya ce shi yana jin Turanci amma wannan na ƙauye ne, daga nan kansa ya faɗi a ƙirji. Na'ibi ya yi ta maza har wajen yankan burodi. Mai unguwa ne ya fi daɗewa, ina kallonsa ina kallon akwati, don mun wuce wurin hura hannu. Idonsa ɗaya ya rufe, ɗayan yana lilo. Sai ladan ya kira la'asar.

Na'ibi ya farka ya goge baki. "Kashe, kashe. Wannan ba fim ba ne, jiran mota ne."

Mai unguwa ya leƙa cikin gida. "Inna, wai me kuka gani ne ake ta ihu?"

Ta ce, "Awaki na gani, da mata biyu da sanyi ya dama."

Aka yanke cewa babu laifi sai ɓata lokacin Musulmi, in kwashe kayana kafin magariba. Na san akwai saura, na yi gum. Wannan shirun ma yana cikin lissafi.

Ina ɗaure kaya Inna ta aiko kirana. Tana zaune a bakin gado ita kaɗai. Ta miƙo hannu. "Kawo kaset ɗin. A hannunka wuta ne."

"Inna, ai ba ki da bidiyo. Garin ma ba lantarki."

"Na tambaye ka?" Ta karɓa, ta ɓare hoton ƙaton ta jefar, ta naɗe kaset ɗin a wani tsohon zane saƙi, ta buɗe adakarta ta sa a can ƙasa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ina da ƙawa, Hanne. Tare muke zuwa rijiya. Iyayenta suka tafi da ita gabas, hajjin ƙafa, ba su dawo ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran sunana yadda take kira." Ta rufe adaka. "Baƙar akuyar ta haihu, biyu. Ka gaya wa mutanen Aujara."

Ban tambaye ta komai ba. Ba hurumina ba ne, kuma mai zunubi irin nawa ba ya hawa kujerar alƙali.

Komawa Dutse

Garki ban je ba. Na kwana a Aujara, na isar da saƙon akuya, wanda ya ci gardama ya saya mini tsire. Washegari na bi ta Jahun da Kiyawa, ƙarfe biyu na rana ina ƙofar gida. Asabe ba ta ce sannu da zuwa ba sai da ta warware bargo, ta duba gaba, ta duba baya, ta kunna. Sannan ta kawo mini ruwa.

"Yaya wa'azin?"

Na zauna na faɗa mata komai, tun daga ƙaton har turmi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ɗauke talabijin ta mayar ɗaka ta sa kwaɗo. Bidiyon na sayar, yanzu injin markaɗe nake da shi, ba ya bukatar tafinta.

Na gode wa Allah da Ya rufa mini asiri ba don halina ba, ina kuma roƙon gafararSa da ta duk wanda na yi wa fassarar ƙarya. Na gode wa Habu, da mai amalanke, da wadda ta dama furar nan. Inna Kande ta rasu shekarun baya, Allah Ya ji ƙanta. Fim ɗin da na yawata da shi gari uku, har yau ban ga ƙarshensa ba. Wadda ta gani ba ta nemi in fassara mata ba.