Dunƙulen Kaltumi

Kaltumi, kakar mahaifiyata, maginiyar tukwane ce a Gure. Banda tuluna, tana gina indararon soro, kuma ba ta taɓa awo da komai ba sai hannunta.

A shekarar 1934 aka ɗebi maza aikin tilas na hanyar Damagaram. An bar ƙanenta Illa ne kawai don shi magini ne, kuma ana so ya yi wa madafar kumandan, Baturen mulki, kwarmin wanke-wanke na siminti, wanda ruwansa zai bi bututu ya faɗa rami a bayan ɗaki. Gardi, dogarin kumandan, ya gaya masa idan aikin ya lalace, hanya na jiransa.

Illa ya karɓi bututun laka uku a wurin yayarsa, ya jera su, ya haƙa ramin. Saboda tsoron kunama da maciji ya rufe shi da itacen goriba, ya yaɓe da laka har ba inda tururuwa za ta shiga. Kwana biyu komai lafiya. A rana ta uku ruwa ya tsaya a kwarmi yana ƙugi, wari ya cika madafa, kuku ya ce gobe zai kai ƙara.

Illa ya zo gida yana cewa bututunta ne ya yi ƙanƙanta. Kaltumi ba ta yi fushi ba. Abin da ya dame ta shi ne ƙugin: me ke kuka a cikin laka? Ta bi shi har bariki, ta zura dunƙulen hannunta a bakin bututu, ya shige daidai. Ta sa kuku ya zuba ruwa, ta durƙusa ta kasa kunne. Daga nan ta zagaya baya, ta daɗe tana kallon yaɓen ramin.

"Illa, tun da kake, ka taɓa dulmiya gora a rijiya?"

"Ya Kaltumi, ni hanya nake hange, ke kina zancen gora."

"Ba sai ta fitar da iska take shan ruwa ba? Ka toshe wa rami hanci, ka ce ya sha."

Ta dawo da wani siririn bututu, faɗin yatsunta uku, wanda ta taɓa ginawa aka ƙi saye. Suka huda yaɓen, suka kafa shi tsaye, suka ɗora masa kasko mai ƙananan huji saboda rairayi da kunamun Illa. Kuku ya juye tulu guda. Ruwan ya wuce shiru.

Illa bai je hanya ba. Har ya tsufa, in zai sa bututun ruwa, sai ya ce a kawo mai faɗin dunƙulen Kaltumi, da na iska mai yatsu uku. Mahaifiyata ta ce hannun Kaltumi ƙarami ne, amma ba wanda ya taɓa auna shi.