Obin ɗin Iya ta Sama

Tunda labari ya bazu cewa Yayata tana da obin na gasa kek har uku a kicin ɗinta, mata suka hana ni sakat. Ina shagon ɗinkina, allura a baki, sai wata ta leƙo ta ce, "Don Allah tambayar min Mai Kek, obin na biyu yana da amfani ko ɓarna ce?" Nakan ce ta shiga ciki ta tambaye ta da kanta. Na san abin da zai faru. Yaya za ta yi mata murmushi, ta yanka mata kek, ta ba ta haƙuri, matar ta fito ba amsa. To bari ni in faɗa, tunda ni bakina ba linzami.

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce auta. Ita ta goye ni, ita ta yi min tsarki, kuma har yau a hannunta nake zaune, shagona ma ɗakin gaban gidan ne mai kallon titi. Mace ce gajera, hannayenta duk tabon ƙuna, ba ta iya cewa a'a. In ta yi karo da ƙofa, ƙofar take ba wa haƙuri. Wallahi da kunnena na ji ta tuntuɓe da bokiti ta ce masa "yi haƙuri". Kek ta fara yi don yaranta, maƙwabta suka ɗanɗana, daga nan sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Kek.

Obin ɗinta na farko ɗan ƙarami ne, tire ɗaya yake ci. Da masu saye suka yi yawa, sai ka ga kwaɓi jere a kan tebur yana jiran layi, na ƙarshe kafin ya shiga wuta ya kwanta ya ƙi tashi. Yaya ta zauna a kan buhun fulawa ta yi ta sharar hawaye, tana ba wa kek haƙuri.

A saman benenmu akwai wata tsohuwa mai zama ita kaɗai, muna ce mata Iya ta sama. A kicin ɗin asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya, kuma bakinta ya fi nawa kaifi, abin da ba kasafai nake yarda da shi ba. Wata rana ta sauko da sandarta, ta tsaya a ƙofar kicin ta ƙare wa teburin kallo.

"Ke 'yar nan," ta ce wa Yaya, "wannan akwatin ashanar kike kira obin? Ina da na gaske a sama yana tara ƙura. Ki riƙa hawo da tirenki. Ba don ke ba, don kar gas ya toshe."

Haka aka fara. Kullum da safe Iya za ta kunna obin. Daga ƙasa muna jin ƙofarsa, don tana da wata ƙara mai tsawo kamar tsohuwar ƙofar shago. In ya yi zafi sai ta buga sanda a daɓe, silin ɗinmu ya amsa, Yaya ta ɗauki tire biyu ta hau. Tana zama can har kek ya gasu. Iya ta yi mata faɗa a kan sukari, ta yi mata faɗa a kan ɗaurin ɗankwali, ta ba ta labarin majinyatan da suka mutu tun kafin a haife mu, su sha shayi. Yaya ta karanta mata rubutun jikin kwalbar magani, ta zura mata zare a allura. Shekaru aka yi a haka.

Iya tana da ɗa guda, Injiniya, a wani gari mai nisa. Mutumin kirki ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya daɗe yana so ya ɗauke ta ta koma wurinsa, ita kuwa ta ƙi. A ɗakunan nan ta yi aure, a nan mijinta ya cika, ta taga tana gane kowa a layin daga tafiyarsa. In ya matsa mata a waya, har ƙasa muna jin amsarta.

"In na tafi wa zai gasa wa yarinyar nan kek? Ka san mutum nawa ke ci a hannunta?"

Shi ma da wannan yake kwantar da hankalinsa. Ya taɓa tsayawa a shagona ya ce, "Muddin Yayarki tana hawa kullum, zan bar Iya ta zauna. Ranar da babu mai buɗe ƙofarta, ranar zan zo da mota." Yaya tana tsaye a bayana, ta ji.

Kada kuma wani ya ce son jiki ne ya sa Yaya sayen obin na biyu. Gwiwarta ta fara ciwo. Matakalar benen ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Wata safiya tana saukowa da tire mai zafi ƙafarta ta goce, ta gwammace ta rungume tiren da ta zubar da kek ɗin mutane, fatar hannunta ta saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Maigidanta ya rantse ba za a sake ba. Ita ma ta gaji, ta faɗa min a ɗaki a hankali kamar mai faɗin abin kunya.

Aka kawo sabon. Fari tas, ƙofar gilashi, fitila a ciki, kana tsaye kana kallon kek yana tashi. Gaskiya ɗaya ce, na'ura ce mai kyau. Ta sa burodi a ɗaya da wuta mai ƙarfi, kek a ɗaya da wuta kaɗan. Aikin da ke kai ta la'asar ya koma ƙarewa kafin azahar. Na ga Yaya ta yi barcin rana, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo. Har ƙiba ta yi.

Saura faɗa wa Iya. Na ce mata, "Yaya, ki hau ki faɗa mata ƙarara, an gode, an gama." Ina! Ta hau tana murza gefen zane, ta ce, "Iya, yanzu kin huta. Amma duk ranar da aiki ya yi min yawa zan hawo da tire." Iya ta ce, "Allah ya sanya alheri," ta juya ta ci gaba da wanke kofinta.

Washegari da safe muka ji ƙarar ƙofar obin daga sama. Yaya ta tsaya cak da ludayi a hannu, ta ɗaga kai tana kallon silin. Muka jira bugun sanda. Shiru.

"Ta kunna," in ji Yaya.

"Ƙila wani abu za ta gasa."

"Me za ta gasa, Auta? Ba ta da haƙoran cin burodi."

Ta yi ƙoƙari, ban hana ta wannan ba. Da rana ta yanka kek ta hau da shi. Iya ta tare ta a bakin ƙofa.

"Lafiyata ƙalau. Dubiya kika zo?"

"Gaishe ki na zo yi, Iya."

"Na amsa. Ajiye a can."

Ko kujera ba ta nuna mata ba. Iya irin mutanen nan ne da ba sa karɓar tausayi ko a cokali. Ka zo mata da buƙata, ta ba ka har zanen jikinta tana zaginka. Ka zo mata da kyauta, ta ga kamar ka zo auna saura kwana nawa. Yaya ta sauko. Ta sake hawa bayan kwana biyu, aka maimaita. Daga nan hawan ya fara nisa da juna.

Ƙarar ƙofar kuwa ba ta fasa ba. Kowace safiya. Kuma kowace safiya Yaya za ta kalli silin ta ce, "Gobe zan hau da tire ɗaya, ko don ta ji daɗi." Goben ta zo, ga obin biyu a gabanta da zafinsu, ga gwiwa, ga mai saye a ƙofa yana duba agogo. Sai ta zura tiren a nata, ta rufe a hankali don kar a ji a sama. Abin nan ya ci ta. In an yaba sabon obin ɗin sai ta sunkuyar da kai. Ta daina barcin ranar ma. Ni kuma haushi ya ishe ni, na ce, "Ko ki hau ko ki daina kallon silin, kin hana mu sakewa!" Ta ce in yi haƙuri.

Injiniya ya zo ba sanarwa, da hantsi. Ina shago na ga ya wuce da jakarsa, muka gaisa. Ba a jima ba na ji muryarsa a sama, ta tashi. Yaya ta riga ni kaiwa matakala, da gwiwar tata da komai.

Mun tarar kicin ɗin Iya kamar gidan burodi don zafi. Obin a buɗe, wuta tana ci, ciki wayam. A kan tebur ga tsumman da Yaya ke riƙe tire da shi, a ninke. Ga kofi biyu. Iya tana zaune a kujerarta, hannu biyu a kan sanda.

"Barci na tarar tana yi," in ji Injiniya. "Gas a kunne, ba komai a ciki. Da labulen nan ya kama fa? Mai Kek, don Allah, kin san tana haka?"

Yaya ta matso gabansa. "Ni take kunna wa, Injiniya. Ba ruɗewa ba ce. Ni take jira."

"To alhamdu lillahi. Ina tiren?"

Yaya ta dubi hannayenta.

"Yaushe rabonki da gashi a nan?"

Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, sai Iya ta buga sanda a daɓe. Rabonmu da jin wannan bugun tun ranar da aka kawo sabon obin.

"Kai, rabu da yarinya. Ba wanda nake jira. Tun tuni ta faɗa min ta sayi nata, har albarka na sa mata. Mantuwa na yi. Na kunna na manta, shi ke nan."

"Iya, ba haka..."

"Ke, yi min shiru! Ana magana da manya."

Ta fi kowa sanin abin da wannan kalmar za ta jawo mata. Matar da ke tuna sunan majinyacin da ya ƙi cin abinci tun zamanin ƙuruciyarta, wai ta manta. Amma ta gwammace a ce tsufa ya taɓa mata kai da a ce ta zauna da kofi biyu tana jiran wadda ba ta zuwa. Ko kuma Yaya ta rufa wa asiri a gaban ɗanta. Har yau ban san wanne ba ne, ƙila duka.

Yaya ta bi Injiniya har bakin mota tana roƙo. Ta ce za ta riƙa hawa safe da yamma, za ta sayar da sabon obin ɗin, za ta kwana a can in ya so. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Kin yi mana abin da dangi ba su yi ba, Allah ya saka. Amma kin ji daga bakinta." Godiyar nan ta fi mari zafi.

Ranar tafiya aka raba kaya. Iya ta sa 'yan dako suka kinkimo obin ɗin, suna nishi a kwanar matakala, suka dire shi a kicin ɗinmu. Ta biyo su a hankali, ta tsaya a inda ta tsaya ranar farko, ta dubi sabon mai gilashi sama da ƙasa.

"Ba laifi," ta ce. Sannan ta nuna nata da sanda. "Bayansa ya fi gabansa zafi, ki riƙa juya tire. Kin sani ai. Kuma ki rage sukarin nan, mutane kike kashewa."

Yaya ta durƙusa ta riƙe mata gefen zane tana kuka, "Iya ki yafe min."

"Me kika yi min? Tashi, fulawa kike shafa min."

Can wurin ɗanta an ba ta ɗaki mai kyau, an ce. Ba a barinta ta taɓa ko ashana, tunda mai mantuwa ce. In Yaya ta kira ta, tambayarta ɗaya, "Yana gasawa?" Yaya ta ce yana gasawa. Sai ta ce to madalla, ta miƙa wa jikarta wayar.

To masu tambaya, ga abin da na sani. Obin na biyu yana rage aiki, yana gyara kek, yana hutar da gwiwa. Ban ce kada ku saya ba.

Yanzu kicin ɗin ya cushe, sai mutum ya karkace yake wucewa. Tsohon obin ɗin Iya shi Yaya ke fara kunnawa kowace safiya, ko aikin tire ɗaya ne, mai gilashin yana gefe an cika shi da gwangwanayen kek. Ƙofar tana nan da ƙararta, har cikin shago take iske ni, kuma duk sanda ta yi sai gabana ya faɗi. Rannan na gaji, na ɗauko man keken ɗinkina na shigo, na durƙusa zan ɗiga a jikin ƙarfen. Ban ankara ba sai jin duka na yi a bayan hannu, tas, kwalbar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin tebur.

Na ɗago ina kallon Yaya, ina jira ta ba ni haƙuri. Ta ɗauki tirenta ta zura a ciki, ta rufe ƙofar.