Malam Hamisu: Ya San Waya, Bai San "Wa Ya" Ba

Ina zaune a ƙofar shago bayan la'asar sai ga Auwalu a kan babur. Ko inji bai kashe ba ya ce, "Baba Nasiru, Malam ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinsa yake nufi, Malam Hamisu mai gyaran rediyo na Limawa, wanda shagona na buga takardu ya yi shekaru yana jingine da nasa, kuma ladanin masallacin layinmu. Na rufe shago.

Duk wanda ya zauna da Malam ya san bai taɓa yarda da kaya ba. Batir sabo fil a ledarsa sai ya ɗora masa mita. In ka ce, "Haba Malam, sabo ne fa," sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Shi ya gaya maka?" Mun sha yi masa dariya a kan wannan hali, ni ne ma kan gaba.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a allon kwamfutata ya ƙone. Na tafi Kano na samo wani a kayan gwanjo, ƙato, wanda sai da ƙarti biyu suka sauke shi daga mota. An ce wasu masu zanen taswira ne suka yi aiki da shi. Da na zo haɗawa sai na ga bakin wayarsa bai yi kama da na kwamfutata ba ko kusa: kawuna uku gare shi, ja da kore da shuɗi. Na ce shi ke nan, an cuce ni. Malam ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Yarensu ne ba ɗaya ba. Kwamfutarka tana aiko umarnin da ke tsayar da hoto ta wasu wayoyi daban, shi kuwa wannan a cikin koriyar waya yake jiran sa. Sai mun yi musu tafinta."

Tafintan nan shi ya jawo mana magana. Malam ya fara harhaɗa 'yan ƙananan kayan rediyo a cikin gwangwanin man shafawa, yana liƙawa da dalma. Hoton bai tsaya ba tukuna, sai layuka masu dishi-dishi suna ta gudu, kuma hasken rana yana hana shi ganin su. Don haka ya rataya tsohon bargo a ƙofa. To, ku duba lamarin: lokacin ana rufe gidajen kallo, ga ƙaton gilashi irin na talabijin an shigar da shi shago, ga bargo a ƙofa da rana tsaka, ga wani haske yana wal-wal ta ƙarƙashi. Me kuke zaton mutanen layi za su ce?

Ba wanda ya tare mu da maganar. Gaisuwa ce ta fara gajarta. Masu kawo takardu suka koma miƙowa daga waje, ido yana leƙe. Sai wata asuba Malam ya isa masallaci ya tarar wani ya riga ya ɗauki lasifika, aka ce masa ya ɗan huta da kiran salla har a gama bincike. Wallahi ranar na ji kamar in fasa allon nan da guduma. Mutumin da ya tashe mu salla tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, shi ake zargi da nuna fim ɗin banza a ɓoye! Shi kuwa ya bi sahu ya yi sallarsa, ya dawo ya kunna ƙarfen dalma.

Da hantsi Liman da Mai Unguwa suka zo, aka yaye bargon. Liman ya ce a kunna. Na kunna, layuka suka hau gudu. Mai Unguwa ya gyaɗa kai ya ce, "Ai dama. Kun ji muna tafe kun hargitsa shi."

"Ranka ya daɗe, ku ɗan zauna," in ji Malam. "Waya ɗaya ta rage."

Suka zauna, ba don sun yarda ba. Ya liƙa wayar gwangwanin a jikin koriyar, hoton ya tsaya amma a karkace. Ya zura wani ɗan tsinken roba ta bayan allon yana murɗawa a hankali har ya miƙe, fari tas, sai ɗan kore-kore a gefe.

"Kamo mana tashar Kano," in ji Liman.

"Allah gafarta Malam," in ji Malam Hamisu, "ba ya kama tasha. Abin da aka buga kawai yake nunawa. Nasiru, gaishe su."

Na buga *Assalamu alaikum*, baƙaƙen suka fito manya. Liman ya matso ya karanta, kafin ya ankara ya amsa, "Wa alaikumus salam." Mai Unguwa dai sai da ya zagaya baya ya laluba ko akwai ramin sa kaset. Da azahar Malam ne ya kira salla.

Ni zuciyata ba ta huce ba. Na zargi telan da ke kallon shagonmu, na zargi mai shayi, na zargi wanda ya karɓi lasifikar. Na tsare Malam na ce, "Don Allah wa ya kai mu ƙara? Ai ka sani." Ya ce, "Nasiru, ni waya na sani, ban san 'wa ya' ba. Waya in na zarge ta ina da mitar da zan ɗora mata. Mutum fa, da me zan gwada shi?" Duk lokacin da na sake tayar da zancen, amsar ke nan. Rediyon telan ma da ya lalace, shi ya gyara masa.

Jiya a wurin jana'iza na tsinci kaina ina bin sahu da ido, fuska bayan fuska, ina yin tambayar da ya hana ni. Tela yana nan, mai shayi yana nan, duk suna share hawaye, kuma dukkansu sun kama makara. A cikinsu akwai wanda ya kai ƙarar, kuma Malam ya tafi bai bar wa kowa sunansa ba. Gwangwanin yana nan rataye a bayan allon, ban taɓa buɗe shi ba.

Ya Allah, ga bawanka Hamisu ya zo gare ka. Yadda ya kyautata wa bayinka zato, ka karɓe shi da rahamarka, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba iyalinsa da Auwalu da ƙannensa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Wanda ya kai shi ƙara kuma, ko wane ne, ka yafe masa, don na tabbata Malam ya riga ya yafe. Amin.