Kwalbar da Na Ajiye a Firizar Inna

Wata tara na yi ina jiran kwalbar nan, ranar da ta iso kuwa har haushi na ji. Ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, abin da ke ciki kuma ɗigo ne daskararre a can ƙasa. Kainas ake ce masa. Furotin ne na jikin ɗan Adam, wanda yake umartar ƙwayoyin jini su hayayyafa. Idan ya lalace ya ƙi tsayawa, sai a sami irin sankarar jinin da ta kwantar da Babana. Masana a ƙasashen waje suke sa wasu ƙananan halittu su ƙera irinsa a ɗakin gwaji, su aiko wa masu bincike. Ba magani ba ne. Mu ne za mu riƙa ɗiga masa ruwan saiwoyi da ganyaye, mu ga wanne zai dakatar da shi. Digirina na uku kacokan a kan ɗigon nan ya dogara.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ya narke. Kwana biyu da isowarsa janaretan ɗakin gwajinmu ya tsaya, wutar gari kuwa ba a maganarta. Na cusa kwalbar cikin fulas ɗin ƙanƙara, na tari keke zuwa gidanmu a Tudun Wada, inda Inna ke da firiza mai aiki da sola, cike da zoɓo da kunun aya na sayarwa. Sanyinta bai kai yadda ake so ba, amma zai riƙe na 'yan kwanaki.

Inna ta tambaye ni ko mene ne. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, ba ma doguwar hira, ga ni kuma da gajen haƙuri wajen bayani. Na ce mata na ciwon Baba ne, kada kowa ya taɓa. Na ja mayafina na fita.

Rana ta uku bayan azahar na dawo ɗauka, don an gyara janareta. Na tarar da Baba zaune a kan tabarma a tsakar gida, mutumin da ya yi makonni bai fito ba, har yana neman a miƙo masa rediyo. Na ɗaga ƙullin zoɓo ɗaya bayan ɗaya, babu kwalba.

Inna ta yafito ni kicin. Cikin raɗa ta ce jikin Malam, wato Baba, ya tsananta jiya, ta ga shiru ban zo ba, ga magani a ajiye. A gidanmu ba a ba mara lafiya abu mai sanyi, ko ruwa ne sai an sirka. Don haka ta ƙulle kwalbar a haɓar zaninta har ta yi ɗumi, ta ɗauraye cikinta da ruwan zamzam, ta yi bisimilla ta juye masa a koko. Fuskarta cike da fara'a take ba ni labarin.

Na san ba zai cutar da shi ba, ciki zai narkar da shi kamar ɗan ƙwai. Amma raina ya ɓaci matuƙa, baƙaƙen maganganu suka cika mini baki. Kafin in furta ko ɗaya sai Baba ya ɗaga murya daga tsakar gida.

"Allah Ya yi miki albarka. Maganin nan naki ya karɓe ni."

Na ce amin. Na fita zaure na yi kuka, kuma aikina nake yi wa kukan, ba shi ba. Har yau ina jin kunyar wannan.

Bayan kwana goma sha ɗaya Allah Ya karɓi abinsa. Binciken ma bai tashi ba, dole na canza batu.

Ranar da Inna ta fita takaba, muna ninke rigunansa da za a bayar sadaka, sai ta kwance haɓar zaninta. Ga kwalbar nan, babu komai a ciki. Ba ta dube ni ba ta yi magana.

"Na ji ki ranar nan kina gaya wa ƙanwarki ɗumi ne yake kashe maganin. Da na ba Malam da sanyinsa, da ya tashi?"

Ashe wata huɗu da kwana goma da wannan take kwana take tashi. Gaskiyar tana bakina. Amma in na faɗa, za ta san ta rushe mini aiki, za ta kuma san abin da ta ɗumama da jikinta ta ba mijinta, irin abin da yake cinsa ne.

Na ce, "A'a, Inna. Ba ki ji daidai ba. Da ɗumi ake shansa."

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi, ta mayar da ita haɓar zani ta ƙulle.