Katakai Goma Sha Huɗu na Kantin Baba

Laraba: Jimeta zuwa Mubi

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, ko ruwan zafi ban tsaya sha ba. Rifkatu ce ta taso ni, 'yar yayana Yohanna. Ta kira ni ranar Talata tana kuka. Mahaifinta ya ba ta tsohon kantin Babanmu da ke bakin babban titi a Mubi don ta buɗe shagon ɗinki. Kantin ba shi da ƙofa irin ta yanzu. Katakai goma sha huɗu ne ake zurawa ɗaya bayan ɗaya cikin ramin da aka sassaƙa musu sama da ƙasa, na ƙarshe ya ɗauki sakata da kwaɗo. Shekaru sun lanƙwasa su, kowanne ba ya zama sai kusa da maƙwabcinsa. To, mai fentin da ta ɗauka, saboda tsabar gwaninta, ya goge su tas da samfefa, har lambobin da Baba ya rubuta a bayansu. Sun yi kyau, amma sun ƙi rufuwa. Yaya ya ce in ba su rufu ba zuwa Alhamis da azahar, mai walda zai kafa ƙofar ƙarfe, katakan kuma a kai su murhu.

Motarmu ta cika shida da minti ashirin. Direban mai surutu ne, muna wuce Girei ya waiwayo.

"Mama, biki ne ko gaisuwa?"

Na ce, "Ƙofa zan je rufewa."

"Daga Jimeta? Duk Mubi ba mai hannu?"

Na ce ya dubi hanya. Mun wuce Song takwas saura, muka tsaya Gombi ƙarfe tara, na sha kunun gyaɗa da ƙosai biyar a tsaye. Shingen sojoji huɗu muka tarar kafin Mararraba. A ɗaya aka sauke mu aka buɗe jakunkuna, ban da wannan ba wata matsala. Sha ɗaya da kwata muka shiga Mubi, na hau keke mai ƙafa uku zuwa kanti.

Rabona da titin nan shekara shida. Inda ake gyaran kekuna yanzu wayoyi ake sayarwa. Kantin littattafai ya koma ɗakin aski, na mai gishiri da kanwa an manna masa tayil har sama. Ko'ina ƙofar ƙarfe ce mai naɗewa. Namu kaɗai ya rage da barandarsa ta da, sai teburin Malam Hammanjoda mai goro, abokin Baba, da ke nan a gefe. Ya gane ni tun daga nesa.

"Saratu! Ke ma katako ya kawo ki?"

Katakan suna jingine a bango, shuɗaye fes, kamar ba su ba. A waya na cika wa Rifkatu baki cewa ko idona a rufe zan jera su. Na ajiye jaka, na ɗaura zani, na fara ɗagawa ɗaya ɗaya ina saɓawa a kafaɗa yadda nake yi ina 'yar firamare. Fenti ya rufe fuskarsu, amma bai canja nauyinsu ba. Ga Gurgu, mai guntuwar ƙafa. Ga Mai Ido, na laluba na ji ƙullin. Mu muka raɗa musu sunaye. Kafin la'asar na jera bakwai daga hagu, kowanne ya zauna daram.

Daga nan na tsaya cik. Baba raba mana aikin ya yi: bakwai na hagu nawa, bakwai na dama na Yaya. Ban taɓa ɗaukar nasa ba ko sau ɗaya. Ni da Rifkatu muka yi ta gwadawa har rana ta faɗi, kullum sai a bar tazarar da hannu zai shiga.

A gidan Yaya na sauka. Muna cin tuwon dawa da miyar yakuwa na ce, "Yaya, bakwai ɗinka fa?"

Bai ko ɗago ba. "Na manta."

Ƙarya yake, na san shi. Haushi ya hana ni ƙarasa tuwon.

Alhamis: bakin kanti

Bakwai da rabi muna kanti. Yaya ya zo ƙarfe goma, ya zauna a bencin Malam Hammanjoda yana jiran mai walda, ya juya mana rabin baya. Rifkatu ta ce a hankali, "Goggo, mu haƙura kawai."

Ban haƙura ba. Na ɗauko mafi faɗi a cikin nasa, wanda ko jariri ya san ba na takwas ba ne, na cusa shi a gurbin na takwas. Ya ƙi. Na nemo dutse na fara buga masa, ƙwal, ƙwal, har masu shagon waya suka leƙo. Allah ya yafe mini, da gangan na yi.

A bugu na biyar Yaya ya miƙe.

"Ke Saratu! Za ki tsaga shi! Wannan ai Bajimi ne, na goma sha biyu. Kanki ɗaya kuwa?"

"Ai ka manta."

"Matsa nan!"

Ya cire hula ya miƙa wa Malam Hammanjoda. Mutum mai shekara sittin da bakwai, da ciwon gwiwa, bai yi gwaji ko ɗaya ba. Ya ɗauko, ya juya, ya zura, ya doke shi da tafin hannu, ya koma. Yana yi yana mita: "Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar abin nan safe da yamma. Abokaina suna ƙwallo a bakin rafi, ni ina nan. Ban taɓa son su ba ko rana ɗaya." Na goma sha huɗu ya shiga, sakata ta faɗa gurbinta. Ko allura ba za ta ratsa ba.

Ya tsaya yana haki, hannunsa a kan katakon. Ni kam na yi kuka, ban ɓoye ba. Tun rasuwar Baba ban ji ƙarar sakatar nan ba.

Mai walda ya iso sha biyu da rabi da injinsa a keke. Yaya ya dube shi, ya dubi ƙofar, ya ce akwai tagar baya da ke son ƙarfe. Daga nan ya karɓi ƙusa, ya shiga ciki ya karce lambobin a bayan katakan da hannunsa, yana faɗa wa Rifkatu sunayensu.

Juma'a: komawa

Shida da rabi na bar Mubi da ƙullin gyaɗa da matar Yaya ta ba ni. Taya ta fashe mana bayan Hong, muka ɓata minti arba'in. Sha biyu saura na shiga gida, kafaɗata kamar an daka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Hammanjoda da ya riƙe wa Yaya hula.

Da magariba na kira Rifkatu in ji ko ta iya rufewa ita kaɗai.

Ta ce, "Goggo, ai bai bar ni ba. Tun biyar da rabi ya zo ya zauna yana jiran in tashi. Ga shi can yana rufewa, yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya."