Jinin Tanko da labarin ɓeraye biyu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Ba fushi na yi ba, asibiti na kwanta.

Da jiri abin ya fara, lokacin girbin masara. Sai na ga bayan gidana ya koma baƙi. Ban faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar matata Hajiya ni kaɗai ne a gida, 'ya'yana suna Legas da Fatakwal.

Ranar da na faɗi a ƙofar masallaci, maƙwabta suka kai ni asibiti a Funtua. Aka ɗebi jini aka auna. Likita ta ce, "Baba, gyambon ciki ne yake zubar maka da jini. A nemo mai ba da jini yau, kada a kai gobe."

Liman ya yi cigiya bayan azahar. Ba wanda ya zo.

Ashe wani bidiyo ne yake yawo a wayoyin samarin unguwarmu. Masu bincike a ƙasar waje sun ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe, tsoho da yaro, jininsu ya gauraya. Tsohon ya ɗan farfaɗo, yaron ya raunana. Sai samari suka ce duk wanda ya ba tsoho jini, ƙuruciyarsa ya bayar.

Likita ta aika musu cewa waɗancan ɗinke su aka yi, makonni suna haɗe, mu kuwa ledar jini ɗaya ce, jiki kuma zai mayar da ita. Ba su yarda ba.

Hannuwana suka yi sanyi, zuciyata tana bugawa da sauri. Na fara kalmar shahada.

Bayan la'asar Tanko ya shigo, ƙafarsa duk ƙasar gona. Mahaifinsa marigayi abokina ne, Bamaguje daga wajen Malumfashi. Mun yi aikin auduga tare ina malamin gona. A kasuwa Tanko ya ji labarina.

Na ce, "Tanko, ka ga bidiyon nan?"

"Na gani, Baba." Ya naɗe hannun riga. "In ka koma saurayi, kai za ka nome mini gona baɗi."

Jininmu ya dace, aka ƙara mini nasa.

Yanzu ina gida ina shan magani. An hana ni ƙwayoyin ciwon jiki da nake saye a kemis. Ban koma saurayi ba, har yau da sandata nake tafiya.

Na gode wa Allah, na gode wa likita da maƙwabta. Duk wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, kada ya ji kunya, ya tafi asibiti. Samari kuma, in an yi cigiyar jini ku je.

Jiya Tanko ya kawo mini buhun masara, a kansa ya ɗauko shi tun daga bakin titi. Samari, ni na roƙe shi ya biyo ta gaban majalisarku, ku ga ƙarfinsa yana nan.