Ruwan da Kaka Ta Sa Na Sha

Yau da na jawo guga a rijiyar garinmu Urafane, rabinsa laka ne, sai warin lakar ya tuna mini da kakata. Ita ba ta shan ruwa a tsaye. Zama take yi, ta riƙe ƙwarya da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta kurɓa a hankali.

Shekarar da fara ta cinye mana gero, mijina ya tafi Katsina neman hatsi, bai dawo ba. Ɗana na goye ya rasu a bayana. Da aka rufe shi, na je bakin rijiya ina leƙawa, zuciyata tana ce mini in faɗa. Sai na ji Kaka ta kama zanena.

Na ce, "Kaka, zaman mi zan yi a duniya?"

Ta ce, "Wanda ya ba ki, shi ya karɓa, ɗiyata. Bar mashi gobe. Zauna ki sha ruwan nan, ki ji sanyinsa, sannan ki ɗebo wa maƙwabciyarmu, ba ta iya tashi."

Na sha ina kuka. Na kai wa matar, washegari na sake kaiwa. A haka na rayu.

Bana ma damina ta ƙi, rumbu ya kusa ƙarewa, yaran da na haifa bayan na sake aure sun zuba mini ido, ga shi Kaka ba ta nan. Ya Allah, ka sanyaya kabarinta, ni kuma ka ba ni ƙarfin da zan kai yamma.